Wonin Ɗari Biyu

A zumuntar mata ta cocinmu na ji maganar, ba a gidana ba. Mun gama waƙa, ana tattara kujeru, sai Ngo Ana ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, yaran yanzu sai addu'a.

Na ce, "Haƙurin me?"

"Af, ba ta faɗa miki ba? Maganar Abigel mana. Fredrick ya yi iya ƙoƙarinsa, Ngo Yael. Wonin sama da ɗari biyu! Wane oga ne zai ɗauki wannan?"

Ba ta rage murya ba. Ngo Ana ba ta taɓa rage murya a kan abin da ba nata ba. Fredrick ɗanta ne, shi ke da ofis a Titin Bauchi inda suke haɗa akwatunan raba intanet suna sayar wa gidajen ɗalibai. Abigel kuma autata ce, ta karanta kwamfuta a jami'a, a wurinsa take aiki. Na san ta daina fita da safe, amma ce mini ta yi aikin ya ƙare.

Kowa a cikinmu ya san wonin, takardar gargaɗin da ake ba ma'aikaci. Marigayi mijina ya yi aikin shanu a Vom har ya tsufa, kuma a can in aka ba mutum wonin to ya zo aiki a buge ne, ko an kama hannunsa a inda bai kamata ba. Na uku, ka tattara kayanka. Yanzu ga 'yata da ɗari biyu. Kafin in ɗaura ɗankwalina da kyau har matan sun fara lissafi a bayana. Wata ta ce latti ne. Wata ta ce latti ba ya kai ɗari biyu, sai dai hannu. Na ji da kunnena.

Na iske ta a tsakar gida tana tsince acca. Na ture tiren da ƙafa.

"Me kika sata?"

"Mama?"

"Na ce me kika sata a wurin Fredrick? Ni za ki kai gaban mata a tsiraice? Ubanki bai taɓa karɓar wonin ko ɗaya ba, ke kin kwaso ɗari biyu kin ɓoye a ɗaki!"

Ta dube ni, sai ta yi wata dariya marar daɗi. Na ɗaga hannu, ta riƙe shi.

"Zauna, Mama. Ba ni aka yi wa wonin ba. Rubutu aka yi wa."

Na ƙi zama. A tsaye ta yi mini bayanin, kuma zan faɗe shi yadda na gane shi. A cikin kowane akwati akwai rubutu da ke gaya masa yadda zai karɓi saƙo daga waya ya miƙa gaba. Kafin rubutun ya shiga akwati sai ya bi ta wani abu da suke kira kompaila, shi ke juya shi ya zama abin da inji ke ganewa. In kompailan ya ga wuri mai haɗari sai ya yi gargaɗi. Gargaɗin nan shi suke ce wa wonin.

Na ce, "Haɗarin me ke cikin rubutu? Cizo yake yi?"

Ta ce an ware wuri ɗan kaɗan don a ajiye abu, sai rubutun ya kwafo abin ya zuba ba tare da ya auna ba. In abin ya fi wurin girma sai ya malala kan na kusa da shi ya ɓata shi, akwatin ya rikice. Ta ce akwai wani ɗalibi da ya sa wa wayarsa suna mai tsawon gaske, har da sunan ƙauyensu da na ƙungiyar ƙwallonsa. Duk lokacin da ya shigo ƙofar gidansu, intanet ɗin gidan gaba ɗaya sai ya mutu. Har 'yan gidan suka fara cewa ƙafarsa ce ba kyau, suna korarsa ya je ya yi karatu a waje.

"Fredrick ya san da wonin ɗin tun kafin in zo," in ji ta. "Sun dame shi, sai ya rufe wa kompailan baki. Ni na buɗe. Ranar suka fito sama da ɗari biyu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina sa a auna kafin a zuba. Inda kuma da gangan ake cika wuri biyu tare, na haɗa su na nuna wa injin cewa wuri ɗaya ne. Aikin ya ɗauki lokaci, kaya suka makara, ya ce na ɓata masa kasuwa."

"Kin gama gyaran?"

"Na gama kafin ya kore ni."

"Shi ne ya je ya gaya wa uwarsa kin sha wonin?"

"Wataƙila ce mata ya yi tun da na zo wonin kawai suke gani. Bai yi ƙarya ba, Mama."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Bai yi ƙarya ba! Yarinya an shafa mata kashi a gaban coci guda tana zaune tana auna wa mutum gaskiyarsa. Ta ce in bar shi, za ta nemi wani aiki. Na ce wane aiki, a garin da kowace uwar oga take zumunta ɗaya da Ngo Ana?

Washegari ban je kasuwa ba. Na hau keke napep zuwa Titin Bauchi.

Ofishin yana saman wani shagon waya. Na hau benen ina haki, na tura ƙofa ban ƙwanƙwasa ba. Akwatuna jibge a gefe, wayoyi kamar taliya a ƙasa. Wata budurwa ta miƙe ta gaishe ni, na gane ta, Chisom ce, abokiyar aikin Abigel, ta taɓa zuwa gidanmu cin gwate. Fredrick yana can ciki a kujera mai juyawa.

"A'a, Ngo! Sannu da zuwa. Chisom, kawo wa Mama ruwa."

"Riƙe ruwanka. Wonin na zo gani."

Fuskarsa ta canja. "Ngo, maganar ofis ce wannan."

"Da maganar ofis ce da ba ta iske ni a coci ba. Kai ka kai ta can. Ni na goya ka, Fredi, lokacin da uwarka ta kwanta asibiti, ka yi mini fitsari a baya har zanina ya koɗe. Yau kai ne oga. To oga, nuna mini inda aka rubuta sunan 'yata a wonin ɗin nan."

Ya jingina da kujera ya juya kaɗan. "Ko na nuna miki, Ngo, za ki karanta?"

Chisom ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ajiye jakata a kan teburinsa, a kan takardunsa.

"Ban yi boko ba, amma ina da kunne. Ke, 'yata, karanta mini."

Chisom ta dubi ogan nata. Ya ɗaga kafaɗa, wai ta yi. Ta nemo tsohon wonin ɗin a kwamfuta, rubutu ja da rawaya ya cika fuskar. Ta karanta da Turanci, sannan ta juya mini da Hausarta ta 'yan kasuwa: a wuri kaza, layi kaza, ana zuba abu ya wuce girman wurin da aka ware. Na ce ta karanta na biyu. Iri ɗaya. Na uku ma haka.

"Ina sunan Abigel?"

"Babu sunan kowa, Mama. Layi kawai yake faɗa."

Na juya kan Fredrick. "Ka ji? Layi aka yi wa wonin. Layin nan kuwa wani ne ya rubuta shi, bai faɗo daga sama ba. Wa ya rubuta?"

Chisom ce ta yi subul da baka, ta ce akwai hanyar gani. Ta ce suna da wani abu da suke kira bilem.

"Me ke nan?"

"Ma'anarsa kamar a ce, laifin wa. In an buga shi sai ya nuna suna a gefen kowane layi."

Ashe injin da kansa yana da alƙali! Na buga tebur na ce a buga bilem yanzu yanzu, a gaban kowa. Chisom ta buɗe baki za ta ƙara magana, na ce ta yi mini shiru ta buga. Na lura Fredrick bai hana ba. Murmushi ma yake yi, ni kuma na ɗauka na borin kunya ne.

Ta buga. Sunaye suka jeru daga sama har ƙasa.

Ba na karatu, amma sunan Abigel na san kamanninsa. Na gan shi a wuyan rigar makaranta, na gan shi a katin asibiti, na gan shi a takardar baftisma. Shi ne a layin farko. Shi ne a na biyu. Chisom tana gangarawa ƙasa, sunan yana bin mu kamar an zuba shi da mazurari.

"To, Ngo," in ji Fredrick, ya taso ya tsaya a bayana. "Ke kika ce a buga. Ba ni na faɗa ba, kwamfuta ce. Laifin wa? Chisom, karanta wa Mama, tunda kunne gare ta."

"Oga, ai wanda ya taɓa layin a ƙarshe yake…"

"Karanta sunan kawai na ce."

"Abigel Gyang," in ji ta, a hankali.

Ban san me zan yarda da shi ba a lokacin. Na ga kaina a zumunta ana cewa Ngo Yael da ƙafarta ta je, da bakinta ta tambaya, inji ya kira sunan 'yarta sau ɗari biyu. Har da sunan marigayi a jiki. Abu ɗaya kawai na so a lokacin, kada sunan nan ya kwana a wurin nan.

"Goge," na ce wa Chisom.

"Mama?"

"Goge sunanta. Ya kore ta, to ya ba ni sunanta in tafi da shi. Duk inda yake, cire."

"Ba a cire suna shi kaɗai, Mama. Sai dai a cire layin, a mai da na da."

"To cire layin! Mai da masa kayansa yadda ta same su!"

Na kai hannu kan kwamfutar, ban ma san me zan danna ba. Fredrick ya yi tsalle ya fizge ta ya rungume a ƙirji, har waya ta tsinke daga bango.

"Kada wanda ya taɓa layin nan! Kin san akwati nawa ke waje da su? So kike gidajen nan duka su mutu a kaina?"

Ana jin kwandastoci a ƙasa suna kiran fasinja.

Na dube shi da kyau. Ƙato, da gemu, ya ƙanƙame kwamfuta kamar za a ƙwace masa jariri.

"Fredi. Laifin ne ka rungume haka?"

"Ngo, ba ki gane ba…"

"Na gane. Ke, ƙarasa maganar da ya katse miki."

Chisom ba ta dube shi ba wannan karon. Ta ce bilem wanda ya taɓa layi a ƙarshe yake nunawa, ko ɓatawa ya yi ko gyarawa. Sunan Abigel ya fito ne domin ita ta gyara su. Na da, wasu mutane ne a ƙasashen waje suka rubuta tun da daɗewa, Oga ya ɗauko ya ɗora nasa a kai.

"Chisom, kin gaji da aikinki ne?" in ji shi.

"Bar yarinya," na ce. "Da ni kake. Ran Alhamis za ka zo zumunta ka tsaya a gaban matan nan ka faɗi wanda aka yi wa wonin."

"Ni? Cikin mata? Haba Ngo." Ya ajiye kwamfutar a nesa da ni. "Zan rubuta mata takarda mai kyau, da hatimi, ta kai duk inda take neman aiki."

"Matan da suka ce 'yata ɓarauniya ce takarda suka karanta? Da kunne suka ji, da kunne za su ji."

"Ban ce ɓarauniya ba! Ni ban taɓa cewa ita aka yi wa wonin ba. Mamata ce ta fahimta haka."

"Ka gyara mata?"

Ya buɗe mini ƙofa. Ya ce yana da baƙi, in sauka a hankali, benen yana da santsi.

Da na gaya wa Abigel ta riƙe kai da hannu biyu. "Mama, wa ya ce ki nemi bilem? Ba laifi yake nunawa ba, suna ne kawai suka sa masa."

Na ce to su canja masa suna, mutanen banza, su daina sa tsofaffi hawan jini.

Ta roƙe ni in bar maganar haka. Ta ce Chisom ta sani, ita ma ta sani, ya isa. Na ce bai isa ba.

Dankalin Turawa nake sayarwa. Da safe na ɗauko darona, maimakon kasuwa na sauka a gindin benen Fredrick, na kasa kayana a gefen matakala. Mai shagon wayar ya fito ya ce ba a kasuwa a nan. Na ce ya kira wanda zai ɗaga ni. Duk wanda ya nufi benen sai in gaishe shi.

"Sannu ɗana. Akwati za ka saya? Saya, yana da kyau, 'yata ce ta gyara shi. Ka tambayi ogan me ya sa ya kore ta. Ka ce ya buga maka bilem."

Wasu su yi dariya su hau. Wasu su tsaya su ji labarin har ƙarshe, su sayi dankali. Wani mai gidan ɗalibai ya tambaye ni ko wadda ta gyara ɗin tana karɓar aiki, na ce ya bari in gama da wannan tukuna. Fredrick ya fara shiga ta ƙofar baya. Ya aiko mini da lemo, na mayar. Ya sauko da kansa ya durƙusa a gefen daron yana magana ƙasa ƙasa, wai ina kashe masa kasuwa, wai me zai ba ni.

"Alhamis," na ce.

"Ngo, don Allah."

"Ka taka mini dankali."

Ran Alhamis bai zo ba. Na zauna a kujerar gaba ina kallon ƙofa har aka gama karatu, aka gama addu'a. Da shugaba ta tambaya ko akwai sanarwa, sai Ngo Ana ta miƙe. Ba ta dube ni ba. Ita da ba ta san rage murya ba, ranar sai ga ta tana magana da ƙasa.

"Game da maganar makon jiya. An ce wonin ɗin na inji ne. Shi ke nan."

Za ta zauna, na miƙe.

"Ban ji ba."

"Ngo Yael, a cikin coci muke," in ji shugaba.

"A cikin coci aka fara. Ngo Ana, na bayan can ba su ji ba. Wadda ta ce hannu ne tana can baya, ga ta can tana gyara ɗankwali. Inji ya yi wa wa wonin?"

"Rubutu," ta ce, haƙoranta a haɗe.

"Wa ya gyara rubutun?"

Na jira. Matan duka suka jira, har mai ganga ta ɗora hannu a kan fatar don kada ta yi ƙara.

"Abigel."

"Ɗanki ya kore ta kafin ta gyara ko bayan ta gyara?"

"Wannan kuma ki tambaye shi!" Ta ɗauki jakarta. "Tun muna 'yan mata nake tare da ke, Yael, yau ki tsayar da ni kamar a kotu a kan maganar yara?"

"Bayan ta gyara ne," na gaya wa matan, tunda ita ta ƙi. "Ku kai gida yadda kuka kai wancan."

Ta fita ba ta jira albarka ba. Mata biyu suka bi ta, sauran suka zauna. Wadda ta ce hannu ne ta zo wucewa ta gabana ta ce ai ita da ma ba ta yarda ba. Na ce ta wuce kafin in tuna muryarta.

Shugaba ta riƙe ni a bakin ƙofa, ta ce yanzu da gaskiya ta fito sai in je in nemi sulhu da 'yar'uwata, in kuma ɗauke daro daga ƙofar yaron mutane. Na ce daro zan ɗauke, domin uwarsa ta biya rabin abin da ya ci. Sulhu kuwa, ranar da Fredrick ya shigo nan da ƙafarsa ya faɗi sauran rabin, ta aiko a kira ni.